Darasin kiwon zuma: wake ya yi fure, feshi ya kankama

'Yan uwa masu koyo, a wannan mako aikin bai shafi buɗe amya ba, ƙofarta muka sa wa ido. Wake ya fara fure, manoma kuma sun ɗauko injin feshi na goyo saboda tsutsar da ke huda kwanso. Kudan zuma yakan yi tafiyar kilomita 3 neman fure, don haka duk gonar da ke cikin wannan tazara ta shafe ku, ko da ba ku hango ta daga gindin amya.

A shimfiɗa farin buhu a ƙasan ƙofa da yamma, washegari a ƙirga gawar da ta zuba a kai. Ƙasa da 100 a rana ba abin tayar da hankali ba ne, tsufa ne. In ta haura 1,000, guba ce. A duba da kyau: wanda maganin ƙwari irin su dimethoate ko chlorpyrifos ya kama, za a gan shi yana karkarwa, yana juyi a rigingine, harshe a waje. Imidacloprid kuwa munafuki ne. Ƙofa tsaf, ba gawa, amma masu fita kiwo sai raguwa suke, don ɓatan hanya suke yi su mutu a daji. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018.

Maganin da ya fi kowane araha shi ne gaisuwa. A je wa mai gona da ladabi, a roƙi abu biyu: ya sanar kwana guda kafin feshi, kuma ya yi shi bayan la'asar sakaliya. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, to feshin hantsi a kan kudan yake sauka kai tsaye. Na yamma ya bushe kafin gari ya waye, iska ma ta kwanta.

In an samu sanarwa, a toshe ƙofa da raga tun da dare, bayan kowa ya shigo. Raga fa, ba tsumma ko laka ba. Nan ne sababbin hannu ke yin asara: amya ta rasa iska, zafi ya narkar da saƙa, a kashe da hannu abin da ake gudun guba ta kashe. A ɗora jiƙaƙƙen buhu a kan murfi, a riƙa yayyafa masa ruwa, kada rufin ya wuce yini guda.

Sai ruwan sha, wanda aka fi mantawa da shi. Kududdufin da aka wanke injin feshi a ciki ma yana kisa. A ajiye kasko kusa da amya, a zuba tsakuwa a ciki don su samu wurin tsayawa.

Amyar da ta riga ta ɗanɗana gubar, a ba ta ruwan sukari, kofi ɗaya na sukari a kofi ɗaya na ruwa, a rage faɗin ƙofa saboda tururuwa da kudan wasu amyoyi masu zuwa satar zuma. Kada a taɓa zumarta. Mako mai zuwa za mu buɗe mu ga ko sarauniya na ci gaba da ƙwai.