Abin da dublan ya koya mini game da sa farashi

Kuɗin da na sayi fulawa ba shi nake kallo ba idan zan yanke wa cincin farashi. Kuɗin da zan sake sayenta nake kallo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, buhun da kika sara a Babbar Kasuwar Katsina, idan ya ƙare kika koma, da wuya ki tarar da shi yadda kika bar shi. Mai lissafi da tsohon farashi tana ganin riba take ci, sai ranar sari ta gane uwar kuɗi ta yi ta gutsura.

Fulawa da suga da bota da ƙwai kowa na tunawa da su. Mai ne ɓarawon. Kafin in ɗora kasko nakan auna shi da kwalba, in na sauke in sake aunawa, abin da ya ɓace shi suya ta sha. Wanda ya yi baƙi kuma ba zai koma kan kayan mutane ba, don haka shi ma ya shiga lissafi. Sai gas, leda, bokiti, da kuɗin Napep ɗin da zai kai kaya Ƙofar Ƙaura.

Inda mata da yawa ke cutar kansu shi ne ladan hannu. Mudun fulawa ɗaya ne, amma cincin murzawa ne da yankawa, an gama. Dublan kuwa sai kin murza shi ya yi fale-fale, ki yanka, ki naɗe ɗaya bayan ɗaya, ki soya a hankali, sannan ki tsoma a ruwan suga mai lemon tsami. Wuni ya tafi, baya ya ƙage, ga waɗanda suka kakkarye da ba za su shiga kwallar amarya ba. Wadda ta sa musu riba iri ɗaya, wunin nan sadaka ta yi da shi ba da niyya ba.

Dangi kuwa, nan kunya ke shigowa. Gwaggo za ta aiko a yi mata kayan gara, ta ce, "Haba 'yar nan, har ni ba ragi?" Nakan ce, "Gwaggo, farashin ba nawa ba ne, na kasuwa ne, amma gyara na wuyana." In cika mata leda guda a kai. Gyara yau ne kawai, ragi kuwa gobe maƙwabciyarta za ta zo da shi a baki.

Aikin biki ko na Sallah ba na karɓa sai da kafin alƙalami da zai isa sayen kayan haɗi a ranar. Idan bikin saura wata guda, tun a wayar nake faɗa cewa kuɗin bokiti da na Napep sai makon kai kaya za mu tsayar.