Abin da allon alƙaluman korona ya koya wa masu haɗa shi

Ranar 22 ga Janairun 2020 Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ta buɗe allonta na bin diddigin cutar korona, taswira mai jajayen ɗigo da mutum zai latsa ya ga adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Sai a Maris ɗin 2023 aka daina sabunta shi. Masu aikin irin waɗannan manhajoji sun gano cewa zana taswira abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin alƙaluman da ake zuba mata.

Babbar matsalar ita ce kwanan wata. Adadin da ya fito yau na rahoton da ya iso yau ne, mutanen kuwa sun kamu tun kwanakin baya. Aiki kan ja baya a ƙarshen mako, sai layin da ke nuna adadin kowace rana a allon ya sauka, ya kuma yi tsalle da an dawo ofis, ya zama kamar haƙoran zarto. Maganinsa matsakaicin kwana 7: a haɗa na yau da na kwana shida da suka wuce, a raba gida bakwai. Kwana 5 ko 10 ba za su yi ba, domin dole kowace ranar mako ta shiga sau ɗaya. Sai dai layin zai riƙa bin baya da kimanin kwana uku, shi ya sa ake barin ainihin adadin kowace rana a bayansa da launi mara kauri.

Sai gyaran da hukumomi ke yi daga baya. A Afrilun 2020 birnin Wuhan ya ƙara mutum 1,290 a kan adadin mamatansa lokaci guda. Manhajar da ke ɗebe jimillar jiya daga ta yau za ta nuna kamar duk rana ɗaya suka rasu. In ragi aka yi, kamar lokacin da Ingila ta koma ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 28 da gwajin da ya nuna suna da cutar kaɗai a Agustan 2020, adadin ranar zai faɗa ƙasa da sifili. Kada a share shi a ɓoye, a sa masa alama da ɗan bayani.

Har fayil ɗin da ake zuba alƙaluman a ciki ma yana iya yin ɓarna. A Oktoban 2020 aka gano sakamakon gwaji 15,841 sun salwanta daga lissafin Ingila, saboda tsohon tsarin Excel, manhajar jera alƙaluma layi-layi, ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. A riƙa ƙirga layukan da suka shigo, a gwada da waɗanda aka turo.

Wajen kwatanta ƙasashe, a sa allon ya buɗe da adadi cikin kowane mutum 100,000, a kuma nuna yawan gwaji a gefe, don ƙasar da ba ta gwaji sosai za ta fito tas kamar ba ta da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin mace-macen da annobar ta jawo a 2020 da 2021 ya kai kimanin miliyan 14.9, alhali rahotannin ƙasashe sun tsaya wajen miliyan 5.4.