Yadda Na Gwada Gyara Gurɓatacciyar Ƙasa Da Tsutsar Tana

Filin da na samu don yin lambu an shekara da shekaru ana zubar da baƙin man inji a gefensa, har ƙasar ta dunƙule ta yi baƙi ƙirin, ko ruwa aka zuba sai ya tsaya a sama yana ƙyalli. Da na ji ana tsabtace irin wannan wuri da tsutsar tana, sai na samo jar nan da ake kiwo don yin taki, wadda masana ke kira Eisenia fetida, na juye ta a wurin kai tsaye. Kafin kwana 3 duk ta mace. Laifina ne, domin halitta ce marar huhu wadda ke numfashi ta jiƙaƙƙiyar fatarta, kuma da zarar mai ya lulluɓe fatar, numfashi ya ƙare.

A karo na biyu na haƙe ƙasar na zuba cikin akwatunan katako, na cakuɗa ta da ruɓaɓɓen kashin shanu da busasshen ganye, na yi makonni ina juyawa har warin ya lafa, sannan na saki tsutsar. Nakan damƙi ƙasar in matse, idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito to laimar ta yi daidai. Na ajiye akwatunan a inuwa na rufe da jiƙaƙƙen buhu, saboda tsutsar ta fi walwala idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Celsius.

Ashe ba ita ce ke cinye man ba. Ƙwayoyin bakteriya ne ke wargaza shi, ita kuwa aikinta fasa hanyoyin iska da barin kashin da suke yaɗuwa a cikinsa. An yi amfani da irin waɗannan bakteriya a gaɓar tekun Alaska ta Amurka bayan malalar man jirgin ruwan dakon mai na Exxon Valdez a 1989, inda aka watsa taki don su ƙaru.

Bayan watanni ƙasar ta yi laushi, ƙamshinta ya dawo, amma gwajin da aka yi ya nuna akwai dalma daga tsofaffin batura. Dalma ba ta ruɓewa, taruwa kawai wani sashenta yake yi a jikin tsutsar, kuma duk kazar da ta tsattsage ta ta kwashi gubar. Dole na rufe akwatunan da raga, na kuma fasa shuka kayan ci a wannan ɓangaren.