Memorin da ya ba ni kunya a ƙofar fadar Bauchi

A hawan Sallar bara na yi sammako na kama waje mai kyau a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, da kyamarata Canon 80D a wuya. Abin da ya kawo ni shi ne jahi, lokacin da mahaya ke sako dawakai a guje su ja linzami gaban Sarki, ƙura ta tashi, su yi jinjina. Rukunin farko na danne maɓalli, kyamara ta yi ta ɗauka a jere, hoto 7 a daƙiƙa guda. Ba a jima ba ta fara tsaitsayawa, jar fitilar baya tana ta ƙiftawa. Rukuni na biyu, wanda ya fi kowanne ado, ya zo ya wuce ina danna maɓalli a banza. Har yau abin na ci mini rai.

Da yamma na kai kuka wurin maigidana da ya koya mini hoto. Na ce, "Maigida, kyamarar nan ta fara gajiya." Ya zaro memorin ya juya shi, ya ce, "Ɗana, kyamara lafiyarta ƙalau, bakin kwalbarka ne ƙarami."

Ga yadda ya warware mini. Kyamara tana da 'yar ma'ajiya a cikinta, kamar mazurarin mai sayar da man gyaɗa. Hoto yana fara zuba a can kafin ya gangara cikin memori. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, a tawa yana kusan MB 30, ma'ajiyar kuwa hoto kamar 25 take ɗauka ta cika. Memorina alamar U1 ce da shi, wato abin da ya yi alkawari MB 10 ne kawai a daƙiƙa. Ka lissafa: kafin ya shanye abin da na zuba masa, sai an haura minti guda.

Babbar lambar da ake bugawa a fuskar memori, 100 ko 170, ita ta ruɗe ni. Wannan saurin karantawa ne, yana amfani ranar da kake kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Mai ɗauka a jere saurin rubutawa yake nema, kuma yana nan a ƙaramin rubutu: U3 da V30 suna nufin ba zai gaza MB 30 a daƙiƙa ba, sai V60 da V90 masu nufin MB 60 da 90.

Na so in tsallaka V90 kai tsaye, maigida ya hana ni. Irin waɗannan UHS-II ne, masu layi biyu na haƙoran zinare a baya, kyamarata kuwa UHS-I take ganewa, mai layi ɗaya, wanda iyakarsa MB 104 a daƙiƙa. Zai yi aiki, amma kuɗin layi na biyun asara ne sai ranar da na canza kyamara.

Na sayi SanDisk Extreme Pro mai GB 64 guda biyu, don ba na son aikin yini ya rataya a kan kati ɗaya. Jabu sun yi yawa a kasuwa, shi ya sa na fara gwada su da manhajar H2testw, wadda ke cika katin ta karanta shi ta faɗi gaskiyar girmansa. Daga nan na je filin sukuwa na danne maɓalli har ma'ajiya ta cika, ina duban agogo. Kafin daƙiƙa 15 fitilar ta mutu.