Takardar gwaji ta ce lafiya, sabulu ya ƙi kumfa

Ina da ɗan kamfanin haƙa rijiyar burtsatse a nan Sakkwato: injin haƙa ɗaya, motar ɗaukar bututu, da yara shida da muke neman abinci tare. Fasa ƙasa bai taɓa ɗaure mini kai ba kamar kalmomin da ke cikin takardar gwajin ruwa, da yadda zan mayar wa mai gida su da Hausar da zai gane.

A farkon shigata sana'ar na haƙa wa wani Alhaji rijiya a wajen Wamakko. Ruwa ya fito garau. Na kai ɗakin gwaji, idona ya tafi kan layin da na sani, wato pH. Shi ruwa haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya suka haɗu, shi ya sa ake rubuta shi H2O, pH kuma ma'auni ne na yawan haidirojin da ke yawo sake a cikinsa. Yana tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. In ya sauka ƙasa da 7 ruwa ya karkata wajen tsami, in ya haura ya karkata wajen kanwa. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Namu ya shiga ciki, sai na ce wa Alhaji ruwa lafiya lau, na karɓi cikon kuɗina.

Ba a yi mako uku ba Hajiyar gidan ta aiko a kira ni. Ta ajiye bokiti a gabana, ta yi ta cuɗa sabulu, babu kumfa sai wani farin datti da ke tasowa. Ta miƙo mini tukunyar dafa ruwa, cikinta ya yi farin ɓawo, ta kankare shi da farce ya zubo a tafina.

"Ɗana, ruwan ga na da zartsi," in ji ta. "Ko wake ba ya son nuna da shi."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, laifina ne." Da na koma takardar sai ga shi can ƙasa, layin taurin ruwa da ban tsaya na karanta ba. Kalsiyam da maganiziyam, sinadaran da ke sa ruwa tauri, su ne suka yi yawa. Yankin nan kwance yake a kan dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake haƙa ana yin siminti da shi, ruwa kuwa in ya daɗe a cikinsa sai ya narkar da shi kaɗan-kaɗan. pH ba ya faɗa maka wannan. Na dawo da inji a kan kuɗina, muka zarce farar ƙasar da laka mai danƙo da ke ƙarƙashinta har muka sami yashi, muka toshe ruwan farar ƙasar da ke sama da bututu da siminti. Ribar wata biyu ta tafi, amma ban iya barin gidan da wannan ruwa ba.

Tun daga nan na zauna na koyi ƙasar da nake fasawa. Abin da ya yi mini daɗi, masana duwatsu da sunayen garuruwanmu suka raɗa wa shimfiɗun ƙasar: Gwandu, Kalambaina, Dange, Wurno, Taloka. Yanzu daga launin abin da inji ke tofowa yarana kan ce mun shiga lakar Dange.

Kalmar zartsi kuma na daina karɓarta a dunƙule. Wani gishiri yake nufi, wani taurin farar ƙasa, sai na tambaya. In aka ce ruwa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin ne ya haɗu da farar wuta. In ya fito fari tas ya kwana a randa ya yi ja, ƙarfe ne a cikinsa, iska ta taɓa shi ya yi tsatsa.

Takardar gwaji yanzu layi-layi nake karanta wa mai gida ita. Kuma kafin in karɓi cikon kuɗi sai na ciro sabulu daga mota, na roƙi uwar gida ta wanke tsumma ɗaya da ruwan a gabana.