Kwabar Inna

Ranar da aka raba kayan Inna, Allah Ya jiƙanta, babu wanda ya ɗaga ido ya dubi kwabarta. Tana jingine a kusurwar ɗaki, ƙofa ɗaya ta saki, gilashin ɗayar ya tsage, jikinta ya yi baƙi da hayaƙi da ƙurar shekaru. Babbar yayarmu ta ce a kira dillaliya ta ɗauka ko nawa ne. Na ce a yi mata kuɗi a cire a rabona. A cikinta aka yi wa Inna jeren langa da kwalla lokacin tarewarta, kuma tun ina yarinya a gilashinta nake duba ɗaurin ɗankwalina. A-kori-kura na ɗauka ya kawo mini ita daga cikin garin Kano zuwa Dorayi.

Ba ƙauna kaɗai ta sa ni ba, har da aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. Na zaga shagunan kayan ɗaki ina neman abin da zan sa a falo, kuɗin da aka faɗa mini ya fi ƙarfina, kuma mafi yawan abin da na gani katakon nan ne na MDF, garin itace da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Na ga yadda sif ɗin maƙwabciyata ya ƙare da damina ɗaya: ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ƙasansa ya kumbura kamar burodin da ya jiƙe.

Garaje ne ya fara cuta ta. A tsakiyar hunturu na tafi Ƙofar Ruwa, na bar shagunan da ke sayar da fenti a rufaffen gwangwani, na sayi farin fenti mai mai wurin wani mai tebur da ke ɗurawa a gora, saboda ya fi araha. Na dawo na goge kwabar da tsumma, na hau shafawa a tsakar gida. Da yamma ta yi kyau. Da gari ya waye na tarar ƙura ta lafe a jikinta, in ka shafa sai ka ji kamar yashi. Kwana uku fentin yana danƙo, ashe an tsinka shi da kananzir fiye da kima. Da ya bushe kuma, ko farce na sa sai ya ɓare, don a kan tsohon banish mai santsi da maiƙo na ɗora shi, bai sami abin kamawa ba. Ranar na yi kuka sosai, gani nake na lalata abin da Inna ta riƙe shekara arba'in.

Maigidana ne ya kira wani dattijon kafinta da ke bakin layinmu. Ya zaga kwabar bai ce komai ba, yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa yana kasa kunne. Ya zaro 'yar wuƙa ya kankare wuri kaɗan a gefe. Sai ga katako ja mai duhu, da zane-zanensa kamar an yi da alƙalami.

“'Yata, wa ya ce ki rufe wannan da fenti? Madaci ne fa.”

Na ce, “Baba, ban sani ba. Ya gyaru kuwa?”

Ya ce, “Zai gyaru, in kina da haƙuri. Madaci gara ba ta cika son sa ba. Bayan nan ne kawai ya mutu.”

Ya nuna mini bambancin sauti. Inda katako yake da rai sai ya amsa da ƙarfi, inda ƙwaro ya cinye cikinsa sai ka ji shi fanko. Falankin baya, wanda fulawud ne, duk ya rududduge, ga 'yan ƙananan ramuka da gari-gari na zubowa. Tun daga ranar ba na taɓa tsohon kaya sai na ƙwanƙwasa shi, na leƙa ƙasansa, na duba lungunansa ko da kuɗin cizo.

Kankara ita ce aikin, sauran duk mai sauƙi ne. Da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, na tausasa fentin da na shafa, na bi shi da ɓallen gilashi kamar yadda Baba ya nuna mini, a karkace, ina jawowa a hankali. Daga nan sai sanfefa. Ban taɓa sanin lambar da ke bayanta tana da ma'ana ba: mai lamba 80 kaushi gare ta, ita ke cinye tsohon banish, mai 120 ta share zanen da ta farko ta bari, mai 220 kuma ta mayar da katako sumul. Ana naɗa ta a guntun katako don kada yatsu su yi rami, kuma ana bin tsawon zanen itacen ne. Wuri ɗaya da na gaji na goga a gicciye, har yau in rana ta haska ina ganin tabon. Yamma tara na yi ina wannan aiki bayan na dawo daga makaranta, daga la'asar zuwa kiran magariba. Hannuna ya yi kanta, amma kullum jan katakon ƙara fitowa yake, shi ya hana ni sarewa.

Akwai abin da nake so iyaye mata su riƙe a nan. Tsohon fenti, musamman mai mai, yakan ƙunshi dalma, kuma ƙurarsa guba ce ga ƙananan yara. Mu a Arewa mun san abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Saboda haka ina sa takunkumi, ina tura yara gidan kakarsu, in na gama in yayyafa ruwa kafin in share, in wanke kayan jikina daban.

Ramukan ƙusa da tsagar da ke ƙafa ɗaya, garin katakon da na tara wajen gogewa na kwaɓa da gam na cike su, launin ya zo ɗaya. Falankin baya kuwa na cire shi gaba ɗaya na tafi da shi 'Yan Katako a Na'ibawa aka yanka mini sabo daidai da shi. Gara da na kai tsohon, domin kwabar aikin hannu ce, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsawo, da awo na kai da an sami giɓi. Na shafa maganin katako na Solignum a baya da ƙasan ƙafafu saboda gara, na bar ta a waje kwanaki har warin ya ragu. Mariƙan ƙofa na tagulla ne, lemon tsami da toka kawai na sa suka dawo suna ƙyalli.

Banish ban shafa shi ba sai da ƙura ta lafa. Baba ya ce a shigar da ita ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a buɗe taga a rataya jiƙaƙƙen zane, iska ta shiga ƙura ta tsaya a waje. Shafin farko na tsinka shi da tina kaɗan don katako ya sha. Na bar shi kwana guda cur, na bi da sanfefa mai laushi sama-sama, na goge, na sake. Sau uku, kowanne siriri. Mai kauri shi ke zubar da hawaye ya daskare a haka. Tsummokaran da suka sha mai kuma ya hana ni dunƙule su a lungu, ya ce suna iya ɗaukar zafi su kama wuta, sai dai a shanya su a fili.

Kujerun falo ban gyara su da kaina ba. Na zare yadin ɗaya na ga katakon lafiya lau, soso ne ya mutu. Na sayo yadi mai kauri a Kantin Kwari, na zaɓi soso mai nauyi wanda in ka danna yake dawowa nan take, na kai wa mai kushin. Jan yadi ya zauna ba tattara sana'a ce, kuma yadin ya fi ƙarfin in koya a kansa. Labule kuwa farin yadin auduga na kai karofin Ƙofar Mata, inda ake rini da baba tun 1498, aka ƙulla aka tsoma mini. Shuɗin ya zauna da jan madacin ƙwarai. Wankin farko da na biyu yana zuba, sai a ware shi. Duka abin da na kashe, har da asarar fentin farko da ladan Baba, bai kai kuɗin kujera ɗaya cikin sabon saitin da na taya ba.

Da ƙaramar salla Yaya ta zo. Ta tsaya a gaban kwabar ta daɗe, ta buɗe ƙofa ta rufe, ta shafa gefen da Inna take rataya carbinta, inda na bar ƙusar yadda take.

Ta ce, “Auta, ke kika yi wannan?”

Na ce, “Ni ce, Yaya, da taimakon Baba kafinta.”

Washegari ta aiko ɗanta da kwalla biyu daga cikin na Inna, naɗe a zane, ta ce a mayar da su mazauninsu. Suna hawa na sama. Na ɗora ƙafafun kwabar a kan guntayen tayil, na matsar da ita taƙi ɗaya daga bango saboda laimar damina. Gadon ƙarfen Inna mai rumfa yana nan a ɗakin ajiya ya yi tsatsa, na riga na sayi burushin waya, ina jiran hutun makaranta.