Esin da maigida ya ɗaura da kansa

Ni mai aikin esi ne a Kano, shagona ɗan ƙarami, yara uku ne a hannuna. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayata ba ta hutawa. A 'yan shekarun nan akwai wani irin kira da ya yawaita: mutum ya sayi esi sabo dal, ya kalli bidiyo a YouTube, ya ɗaura abinsa da kansa, bayan mako biyu ko uku sai ya neme ni.

Na bazarar da ta wuce wani malamin makaranta ne, mutum mai hankali, kuma hannunsa na iya aiki. Ya sayo mai hos ɗaya da rabi a kasuwar Sabon Gari, irin mai imbata, ya ce kuɗin ɗaurawar da aka yanka masa ya yi yawa. Da na shiga ɗakin na ɗaga kai, wallahi sai da na yaba. Ɓangaren esin na cikin ɗaki ya zauna daram, ya sa filam ya daidaita shi, ramin bangon ma ya karkatar da shi waje yadda ruwa zai gangara. Yarana da yawa ba sa yin mai kyan wannan.

Na ce, “Malam, aikinka ya yi kyau. Me ya faru?”

Ya ce, “Injiniya, kwana goma na farko har bargo muke ja. Yanzu iska kawai yake hurawa kamar fanka.”

Muka zagaya baya. Ban ma ɗauko geji, abin auna matsin gas, ba na ga matsalar. A bakin notin da ke haɗa siririn bututu da ɓangaren esin na waje akwai danshin mai, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi. Duk inda ka ga wannan a esi, gas ne ke tsiyaya, domin man kwamfiresa, wato injin da ke tura gas, tare da gas yake yawo. Na kwance notin na duba bakin bututun. Ya buɗa shi da abin buɗa baki mai arha, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ga ɗan tsagu kamar gashin kai. Na shafa kumfar omo a ɗaya haɗin, shi ma kumfar ta soma kumbura.

Sai na yi masa tambayar da na riga na san amsarta: “Ka zuƙe iskar bututun kafin ka saki gas?” Ya ce wanda ya kalla a bidiyo bai yi ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan mutanenmu ke ruɗewa. Yawancin bidiyon nan daga Amurka suke. Can akwai kamfanoni irin su MRCOOL da ke sayar da esi na musamman don mai gida ya ɗaura da kansa. Bututunsa yana zuwa a toshe, da gas a ciki tun daga masana'anta, ɗaure noti kawai za ka yi. Kuma nasu ba sanyi kaɗai yake bayarwa ba, akwai wani bawul da ke juya tafiyar gas ɗin, da hunturu ya ɗebo ɗumi daga waje ya shigo da shi ɗaki, shi ya sa suke rububinsa. Namu na kasuwa akasari sanyi ne zalla, kuma gas ɗin yana kulle ne a cikin na wajen kaɗai. Bututun jan ƙarfen da ke cikin kwali fanko ne, babu komai a cikinsa sai iskar gari da danshinta. Idan ka haɗa ka sa alanki ka buɗe bawul haka nan, ka cakuɗa gas da iska da ruwa ke nan.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi shekaru ina wannan kuskuren, kuma da sunan gwaninta. Ogan da ya koya mini ba shi da injin zuƙe iska. Abin da muke yi shi ne a ɗan buɗe bawul, a bar gas ya yi “fiiis” na 'yan daƙiƙu ya kore iskar, a ɗaure. A zamanin tsohon gas mai suna R22 ana tsira da hakan sau da yawa, saboda man da ke cikin waɗancan injinan ba ya shan danshi sosai. Amma R22 ana janye shi daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, don yana lalata rigar ozon. Na yanzu R410A ne da R32, ƙarfin matsinsu ya fi na da nesa ba kusa ba, man su kuma kamar gishiri yake da damina, yana jan ruwa. Ruwan ya haɗu da mai ya zama asid, ya riƙa cin wayar cikin kwamfiresa a hankali. Ba ranar zai mutu ba. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, mai shi ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Sai da na biya kwamfiresa guda daga aljihuna, a gidan wani Alhaji da ba ya son dogon bayani, sannan na je na sayi injin. Yanzu duk yaron da ya saki gas bai bar injin ya yi aƙalla minti 15 zuwa 30 ba, ya kuma kashe ya tsaya ya ga allurar geji ba ta motsa ba, ranar ba shi da kuɗin abinci.

Har yau akwai abokan sana'a da ke yin “fiiis” ɗin nan, su karɓi kuɗi cikakke. Don haka ba na ganin laifin wanda ya ce gara ya yi da kansa. Idan za ka kira mai ɗaurawa, ka leƙa jakarsa. In babu injin zuƙe iska da geji, ka sallame shi tun a ƙofa.

Akwai abin da nake ce wa mutane su yi da kansu, kuma ina rage musu kuɗi a kai. Zaɓen wuri, kafa ƙarfen bango, huda ramin kamar milimita 65, ɗora na wajen inda rana ba ta dukansa kuma iska na ratsa bayansa. Wankin rariyar na cikin ma bai kamata a kira ni ba, musamman bayan ƙurar hunturu. Ka zare, ka wanke, ka shanya a inuwa. Amma a kula da tsawon bututu. Gas ɗin da ke zuwa a ciki galibi na kimanin mita biyar ne, in ya wuce sai an ƙara da awo. Kuma R32 yana iya kamawa da wuta, ba a kusantarsa da walda sai an tabbata bututu babu komai. Batun wuta kuwa, waya mai kauri daga mita da abin katse wuta nasa na kansa, sannan sitabilaiza in unguwarku wuta na zuwa da rauni. Allon imbata ba ya jure wasa, kuma tsadarsa ta isa ta ɓata wa mutum wata guda.

Shi malamin nan ya yi sa'a, kwamfiresarsa ba ta ƙone ba. Muka yanke bakin bututun biyu muka sake buɗawa, muka miƙe wani lanƙwasa da ya kusa toshe babban, muka zuƙe, muka auna sabon gas da sikeli daidai abin da aka rubuta a jikin na wajen. Kuɗin da ya kashe ya zarce wanda ya guje wa tun farko, amma bai yi ƙorafi ba. Kujera ya jawo ya zauna kusa da yarona, yana tambaya yana rubutawa a bayan ambulan. Da muka gama ya ce in ba shi hayar injin zuƙe iskar ranar Asabar, ƙaninsa ma ya sayi esi. Na ce injin ba ya fita shi kaɗai, sai dai ya tafi da yaron.